Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Kano Kan Cinikin Nokawut da Kayan Wasan Wuta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Dokokin Jihar Kano, da sauran 'yan majalisa masu wakiltar al'ummar jihar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, tare da addu'ar Allah Ya yi muku jagora cikin amanar da jama'a suka ɗora muku, na rubuto wannan wasiƙa domin in roƙe ku da ku yi doka tabbatacciya wadda za ta hana sayar wa jama'a nokawut da sauran kayan wasan wuta masu fashewa ko masu tashi sama a jihar nan, musamman a cikin birnin Kano, ta kuma tsara yadda za a riƙa adana su da inda za a riƙa kunna su bisa izini. Na zaɓi in rubuta ta a bainar jama'a saboda maganar ta shafi iyaye da 'yan kasuwa da masu unguwanni da masu ɗakunan taro, kuma ina so duk wanda yake da hujjar da ta saɓa wa tawa ya ji abin da na faɗa, shi ma ya kawo tasa gabanku.

Ranku ya daɗe, ba za a ce hukuma ta yi shiru da wannan al'amari ba. Idan ƙarshen shekara ya gabato, rundunar 'yan sanda takan fitar da sanarwar haramta wasa da nokawut, gidajen rediyo su karanta, jama'a su ji. Sai dai duk wanda ya zaga unguwanni bayan sanarwar zai tarar kayan suna nan a kan teburin mai tireda, an jera su kusa da alewa da biskit da balan-balan, kuma yaron da bai kai shekarun sanin illar wuta ba zai miƙa kuɗinsa na barka da Sallah a ba shi ba tare da an tambaye shi ko ɗan wane ne ba. Lokutan wasan ma sun daɗe da wuce ƙarshen shekara kaɗai. Ana yi da ƙaramar Sallah da babba, ana yi cikin watan Maulidi har zuwa ranar Takutaha, ana yi da Kirsimeti da daren sabuwar shekara, ana yi a bikin aure, har ma idan wata ƙungiyar ƙwallo ta ci kofi ko wani ɗan takara ya ci zaɓe. Sanarwar da ake yi ta 'yan makonni ba za ta iya riƙe kasuwar da take ci duk shekara ba. Abin da ya fi damuna shi ne, idan an tashi aiwatar da haramcin, yaron da aka gani da ashana a hannu ake kora, dilan da ya sauke katan-katan a sito kuwa yana zaune lafiya a shagonsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Ina so in bayyana yadda raunin yake faruwa, domin mafi yawan masu cewa ai wasan yara ne ba su taɓa tsayawa sun kalli wasan da kyau ba. Yaro yana kyasta nokawut ya jefa, sai ya yi shiru bai tashi ba. Shi kuwa kuɗi ya sa ya saya, ba zai yarda ya yi asara ba, don haka sai ya je ya ɗauko, ya kawo shi kusa da fuska ya duba ko wutar ta mutu, wani ma har ya hura. Wutar kuwa tana nan tana ci a hankali daga ciki, kuma a daidai wannan lokacin take isa ga albarushin. Akwai kuma gasar jarumta da yara suke yi tsakaninsu, wato wanda ya fi daɗewa riƙe da shi a hannu kafin ya jefa shi ne gwani. Akwai masu sa shi cikin kwalba ko gwangwani don ƙarar ta fi ƙarfi, ba su san cewa fasassun kwalbar za su watsu ta ko'ina da ƙarfin da zai huda fata ko ido ba. Akwai masu jefa shi ƙarƙashin adaidaita sahu ko cikin taron 'yan mata masu yawon Sallah don a yi dariya.

A unguwarmu na ga sakamakon haka da idona. Wani yaron maƙwabta ne, ɗan firamare, abin ya fashe masa a tafin hannun dama da yammacin ranar Sallah. Kafin manya su farga, 'yan uwansa sun riga sun shafa masa makilin, wata tsohuwa kuma ta ce a fasa ɗanyen ƙwai a kai, aka naɗe hannun da tsumma saboda ana tsoron faɗan mahaifinsa. Da aka kwance tsumman a kemis, fatar tsakanin babban yatsa da manuni a tsage take, baƙin albarushi ya shiga cikin naman, mai kemis ɗin ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a wuce asibiti. Yaron ya warke, alhamdu lillahi, amma yatsan bai koma lanƙwasuwa yadda yake ba, kuma da hannun hagu ya sake koyon rubutu. Babu jaridar da ta buga labarinsa, babu wanda ya tambayi wanda ya sayar masa, kuma mai teburin ya ci gaba da cinikinsa washegari. Irin wannan rauni ba ya shiga labarai saboda ɗaya-ɗaya yake zuwa, gida-gida, kowa ya ɗauke shi a matsayin tsautsayin ɗansa. Idan majalisa ta gayyaci likitocin Asibitin Murtala, da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Asibitin Ƙashi na Dala, da na asibitocin ido na birnin nan, su ne za su gaya muku abin da suke karɓa a irin waɗannan ranaku, kuma shaidarsu ta fi tawa nauyi.

Hatta ɗan tsinken wasan wutar nan mai fitar da tartsatsi, wanda iyaye suke ganin ba shi da illa har su miƙa wa ƙaramin yaro ya riƙe, zafin bakinsa yakan kai digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos ko ya wuce, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Ku dubi kuma irin kayan da muke sa wa 'ya'yanmu ranar Sallah: dogon hijabi, leshi, yadi mai santsi wanda idan ya kama wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Yarinyar da hijabinta ya kama, abin da za ta fara yi shi ne gudu, gudun kuwa ƙara wa wutar iska yake yi.

Wannan duk a jikin mai wasan ne da na kusa da shi. Akwai kuma gidajen mutanen da ba su san ma ana yi ba. Wasan wutar da aka ƙera domin a harba shi a fili mai faɗi, mu a lungu muke kunna shi. A Yakasai, ko Ƙoƙi, ko Fagge, ko Kurna, gida manne yake da gida, kwanon wannan yana taɓa katangar wancan, kuma a tsakar gidajen akwai shanya, da katifar da aka fitar, da harawar dabbobi, da janareta da jarkar fetur kusa da shi. A bakin titi akwai 'yan bumburutu da galan-galan ɗinsu, akwai shagunan ɗura gas da suka yawaita cikin unguwanni tsakanin gidajen kwana. Abin da aka harba sama ba ya tambayar inda zai sauka. Lokacin da cinikin ya fi ƙarfi, wato Disamba da Janairu, shi ne kuma tsakiyar hunturu, lokacin da komai ya bushe ƙayau, iska tana kaɗawa, 'yan kwana-kwana suna fama da kiraye-kirayen gobara. Idan wuta ta tashi a lungun da mota ba ta iya shiga, sai dai a ja mesa daga bakin titi ko a koma ga bokiti, kuma kafin nan an yi asarar da ba ta mayuwa. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya yi gargaɗi cewa wuta maƙiyiya ce a gare mu, idan za mu yi barci mu kashe ta. Al'ummar da aka koya wa wannan taka-tsantsan game da fitilar ɗaki bai kamata ta sa ido ana sayar wa yaranta wuta a bakin ƙofa ba.

Haɗarin da ya fi kowanne girma, wanda kuma ba a cika maganarsa ba, yana wurin ajiya. Nokawut ɗaya yana raunata hannu ɗaya, amma katan-katan da aka jibge a sito guda, cikin zafi, kusa da wayar lantarki da aka yi wa haɗin gaggawa, wani abu ne daban. Ranar 26 ga Disamba 2012, wani rumbun ajiyar kayan wasan wuta ya fashe a yankin kasuwar Jankara da ke tsibirin Legas, aka yi asarar rai, mutane da dama suka jikkata, gine-ginen da ke kewaye suka ƙone, masu kashe gobara suka sha wahalar kusantar wurin saboda kayan suna ta fashewa suna tashi. A birnin Lima na ƙasar Peru, ranar 29 ga Disamba 2001, wuta ta kama rumfunan masu sayar da irin waɗannan kaya a wata cunkusasshiyar kasuwa, kusan mutum 300 suka mutu. Mu a Kano ba sai an ba mu labarin gobarar kasuwa ba. A watan Maris na 2016 dubban shaguna suka ƙone a kasuwar Sabon Gari, kuma kasuwannin Singa da Kurmi da Kantin Kwari duk sun ɗanɗana. Ban ce wasan wuta ne ya haddasa waɗannan ba. Abin da nake cewa shi ne, kasuwar da take kamawa haka ko babu albarushi a cikinta, ba wurin da ya dace a ajiye albarushi ba ce, kuma ɗan kasuwar da yake sayar da atamfa ko shinkafa yana da haƙƙin ya san abin da maƙwabcinsa ya rufe a sito.

Akwai wani sabon yayi da nake roƙon majalisa ta dube shi da gaggawa, wato kunna tartsatsin wuta a cikin ɗakunan taro lokacin dina ko kamu, a daidai shigowar amarya da ango. Ranar 26 ga Satumba 2023, a garin Hamdaniya na ƙasar Iraƙi, an kunna irin wannan a ɗakin bikin aure, tartsatsin ya taɓa adon da ke silin, cikin 'yan mintoci ɗakin ya kama gaba ɗaya, fiye da mutum 100 suka rasu, yawancinsu dangi da abokan ma'auratan. Duk wanda ya halarci biki a ɗakunan taron Kano ya san yadda ake lulluɓe bango da silin da yadi da furen roba, ya san yadda ake cika wuri fiye da ƙima, ya kuma san cewa sau da yawa ƙofa ɗaya ake bari a buɗe, a tsayar da masu gadi a kanta saboda masu shigowa ba gayyata, sauran ƙofofin a kulle. Mata da ƙananan yara ne suka fi yawa a irin wannan taro. Wasu masu adon suna cewa nasu tartsatsin mai sanyi ne, ba ya ƙuna. To, a bar hukumar kashe gobara ta gwada ta tabbatar, domin uwar amarya ba ta da hanyar bambance mai sanyi da mai zafi, kuma bai kamata rayuwar ɗaruruwan mutane ta rataya a kan maganar mai neman a ba shi kwangila ba.

Sannan akwai ƙarar kanta. Kano gari ne da ya ji ƙarar bam. Ranar 20 ga Janairu 2012 an kai hare-hare wurare da dama a birnin nan, aƙalla mutum 185 suka rasa rayukansu, kuma ranar 28 ga Nuwamba 2014 an kai hari Babban Masallacin Juma'a na cikin gari ana shirin salla, fiye da mutum 100 suka rasu. Waɗanda suka tsira daga waɗannan ranaku suna raye a cikinmu, kuma da yawansu har yau gabansu faɗuwa yake yi idan suka ji fashewar wani abu. Ga tsofaffi masu hawan jini, ga masu jego, ga marasa lafiya da suke neman barci. A wurin cunkoso kamar filin Idi, ko hanyar hawan Sallah, ko hawan Dala ranar Takutaha, ƙara ɗaya ta isa ta jawo turmutsitsin da za a tattake mutane. Jami'an tsaro ma sun sha faɗa cewa ƙarar tana ba ɓata-gari mafaka, domin idan dare ya cika da fashe-fashe ba a bambance wasa da harbi. Addininmu ya hana Musulmi ya tsoratar da ɗan uwansa ko da wasa ne, kuma ban san wani addini da ya halatta haka ba.

Ranku ya daɗe, na san akwai masu hujja a ɗaya ɓangaren, kuma hujjarsu ta cancanci a saurare ta.

Mai tebur zai ce da wannan cinikin yake samun na cefane a lokacin biki, a zamanin da abinci ya yi tsada. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake roƙon kada dokar ta faɗo masa kwatsam. A ba da wa'adi bayyananne wanda kowa zai sani, a yi shela a kasuwanni ta bakin shugabannin 'yan kasuwa, a buɗe hanyar da mai sauran kaya zai miƙa su ga hukuma ba tare da an kama shi ba. Nokawut ɗan ɓangare ne na abin da ke kan teburinsa, kuɗin yaron da aka hana shi sayen nokawut zai koma kan wani abin da shi ɗin dai yake sayarwa. Nauyin hukunci kuwa ya hau kan mai shigowa da kaya da mai ajiyar sari, domin su ne 'yan ƙalilan, an san su, kuma idan aka toshe wurinsu tebur zai bushe da kansa.

Wani zai ce ana so a hana yara farin ciki. Ni ma na yi ƙuruciya a garin nan, na san daɗin da yaro yake ji idan sama ta haskaka. Ban roƙi a hana kallo ba. Abin da nake roƙo shi ne a fitar da wutar daga hannun yaro a mayar da ita hannun wanda ya san aikinta, a fili, da tazara tsakaninsa da masu kallo, da motar kashe gobara a gefe. Muna da misalin haka a al'adarmu. 'Yan bindigar sarki suna harba albarushi a hawan Sallah shekara da shekaru, jama'a suna kallo suna murna, amma manya ne sanannu, suna da shugaba, suna da lokaci da wurin da suke yi, kuma ba wanda ya taɓa cewa don ana haka a raba wa yaran unguwa albarushi. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da filin sukuwa da makamantansu za su iya ɗaukar wasan wuta mai izini a ranakun biki, kuma yaro zai ga abin da ya fi wanda yake kunnawa a lungu kyau nesa ba kusa ba.

Akwai kuma tsoron da ya kamata a faɗe shi a fili, cewa kada 'yan uwanmu Kiristoci mazauna Sabon Gari da sauran unguwanni su ga kamar bikinsu aka nufa. Wannan tsoro yana da tushe matuƙar haramcin a watan Disamba kawai ake jin sa. Dokar da take aiki duk shekara, wadda ta hau kan Sallah da Maulidi da bikin ɗan mai kuɗi kamar yadda ta hau kan Kirsimeti, ita ce za ta kawar da wannan zargi, kuma ya dace a zauna da shugabannin coci tun wajen tsara ta kamar yadda za a zauna da limamai.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa haramci zai mayar da cinikin ɓoye, yara kuma su koma haɗa nasu da kan ashana ko su riƙa kunna soson ƙarfe suna wulwulawa kamar yadda aka saba. Wani abu daga cikin wannan zai faru, babu shakka. Amma akwai bambanci mai girma tsakanin abin da sai yaro ya nema a ɓoye da abin da yake gani a kan kowane tebur a hanyarsa ta zuwa makarantar allo. Uban da yake hana ɗansa a yau, ɗan yana iya ce masa ai a fili ake sayarwa. Idan doka ta tsaya, maganar uba ta sami madogara. Ƙasar Chile ta hana sayar wa jama'a kayan wasan wuta tun shekarar 2000, bayan fafutukar masu kula da yaran da suka ƙone. A Jamhuriyar Ireland, in ban da 'yan ƙananan da ba su da ƙarfi, sai ƙwararre mai lasisi ke da ikon yin wasan. A Ingila ma, inda ake sayarwa, an hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, an hana kunnawa a kan titi, an kuma hana kunnawa daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe sai a wasu darare ƙidayayyu. Waɗannan ƙasashe suna da faffaɗan tituna da famfunan kashe gobara da motocin ɗaukar marasa lafiya, duk da haka suka ga buƙatar taƙaitawa. Mu da ba mu kai su waɗannan tanade-tanade ba mun fi su buƙatar tsanantawa, kuma a ganina iyakance shekaru kaɗai ba zai yi aiki a nan ba, domin mai tireda ba zai nemi katin shaida daga yaron da ya ce yayansa ne ya aiko shi ba.

Game da hurumi, na san cewa Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma akwai Dokar Abubuwan Fashewa ta 1964. Wannan bai ɗaure hannunku ba. Kare jama'a daga gobara, sharuɗɗan gine-gine da ɗakunan taro, kare ƙananan yara, da hana abin da ke damun maƙwabta, duk suna cikin abin da jiha ke tsarawa, kuma kula da kasuwanni da shaguna yana cikin ayyukan ƙananan hukumomi, waɗanda dokokinku ne suke tafiyar da su. Lauyoyin majalisa za su iya tsara dokar ta waɗannan ƙofofi: a hana baje kolin waɗannan kaya a shago ko tebur ko talla, a hana ajiye su cikin kasuwa ko gidan kwana, a hana kunna kowane irin tartsatsi cikin rufaffen ɗaki, a ɗora alhakin hakan a kan mai ɗakin taron har ya shafi lasisinsa, a kuma ba hukumar kashe gobara ikon shiga ta duba sito da ikon ba da izinin wasa a fili. Abin da ya shafi shigo da kayan ƙasa kuwa, sai ku miƙa ƙuduri ga wakilan Kano a Majalisar Tarayya su bi ta nasu ɓangaren.

Ina roƙo na musamman kan aiwatarwa. Kada dokar ta zama sabuwar hanyar tatsar talaka a bakin titi, kada kuma a riƙa kulle yara a caji ofis saboda ita. Yaron da aka samu da nokawut a karɓe, a kai shi wurin mai unguwa a kira mahaifinsa, a tambaye shi inda ya saya. Masu unguwanni da dagatai sun san kowane shago a yankinsu, kuma idan aka ba su matsayi a cikin dokar, tare da 'yan sanda da Hisba da shugabannin kasuwa, ba za a buƙaci samame mai tayar da hankali ba. Kayan da aka ƙwace kuma a miƙa su ga ƙwararru su lalata, kada a jibge su a ofis su zama wani haɗarin.

Kafin doka ta fito, akwai abin da majalisa za ta iya sa Ma'aikatar Lafiya da hukumar kashe gobara su fara yi tun yanzu ta gidajen rediyo da masallatai da coci-coci da makarantun Islamiyya, wato koya wa gidaje abin da za su yi idan tsautsayi ya faɗa. A sanar da mutane cewa maganin farko na ƙuna shi ne a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, a yi ta zubawa na kimanin minti 20, ba ƙanƙara ba, ba makilin ba, ba ƙwai ko gishiri ko manja ko baƙin mai ba. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne a fata a bar wa likita, kada kuma a fasa bororo. Wanda tufarsa ta kama wuta kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo ko babban zane mai kauri. Idan ido ne ya samu rauni, kada a murza, kada a ɗiga komai, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shiga. A kifa ƙaramin kofi mai tsabta a kai yadda ba zai danna idon ba, a wuce asibiti nan take. Nokawut da bai tashi ba kada kowa ya taɓa shi, a bar shi ya daɗe sannan a kwara masa ruwa. A kuma gaya wa yara a fili cewa wanda ya ji ciwo ya faɗa wa babba nan da nan ba za a doke shi ba, domin ɓoyewar da tsoro ke sa su yi ita ke mayar da ƙaramin rauni babba.

Ina roƙon Mai Girma Shugaban Majalisa ya miƙa wannan batu ga kwamitin da ya dace, a kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin hunturu mai zuwa, a gayyaci likitoci da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da masu ɗakunan taro da dilolin kayan su kansu, a kuma ba iyayen yaran da abin ya shafa dama su yi magana da bakinsu. Wakilan ƙananan hukumomin Birni da Dala da Fagge da Gwale da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, mazaɓunku ne suka fi cunkoso, kuma daga cikinku nake fatan a sami wanda zai gabatar da ƙudurin.

Allah Ya kare mu daga gobara, Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani magidanci daga Gwammaja, Kano.